Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kwamishinan Muhalli na Jihar Kano kan sinadaran da ba sa shiri da ruwa

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, muna fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, Allah ya yi riƙo da hannunku a kan nauyin da aka ɗora muku.

Mu da muka rubuto wannan takarda malaman kimiyyar sinadarai ne a sakandare da manyan makarantu, da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje, da wasu masu kula da lafiyar ma'aikata a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai. Muna magana ne a madadin waɗanda ke taɓa waɗannan kayayyaki da hannunsu kullum ba tare da an taɓa gaya musu abin da ke cikinsu ba: masu walda, 'yan dako, yaran shago, masu sharar sito a Dawanau, marina, masu yasar kwata, da 'yan kwana-kwana da ake kira idan abu ya riga ya ɓaci.

Duk shekara idan hukumar hasashen yanayi ta fitar da bayanin damina, mukan ji sanarwa a rediyo: a yashe magudanan ruwa, a daina zuba shara a kwata, wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa ya tashi. Duk daidai ne. Sai dai sanarwar ba ta kaiwa ga sito da shagunan da ke maƙare da sinadaran da ruwa ke mayarwa wuta ko guba. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, ruwa yana shiga shaguna a kasuwanninmu, kowa ya sani. Atamfa idan ta jiƙe asara ce. Duron kabaid idan ya jiƙe, maganar rai ake yi.

Tushen matsalar yana cikin takarda. Kowane sinadari da aka shigo da shi ta hanyar da ta dace yana zuwa da takardar bayanin haɗari mai sassa 16. A sashe na 9 akwai layi guda da ke faɗin yadda abin yake narkewa a ruwa. A rahotannin tantance haɗari da ake rubuta wa masana'antu da sito, mun lura cewa wannan layi kaɗai ake kwafowa a yanke hukunci da shi. In an rubuta yana narkewa, sai a ce a kiyaye shi da rijiya. In an rubuta ba ya narkewa, sai a ce babu damuwa. In an bar gurbin fanko ko an ce bai shafe shi ba, sai a tsallake. Karatu na biyu da na uku kuskure ne, kuma a kan sinadaran ƙarafa masu saurin sauyawa kuskuren yana kisa.

Sukari idan ya narke a shayi yana nan a sukarinsa, in ka ƙafar da ruwan za ka same shi. Gwajin da aka saba auna narkewa da shi, mai lamba 105 a jerin ƙa'idojin OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki, don irin wannan aka tsara shi: a zuba abu a ruwa, a girgiza tsawon awa 24, 48 da 72, a bar shi ya daidaita a digiri 20, a auna abin da ya shiga ruwan. Sharaɗinsa shi ne abin ya kasance ba ya canzawa a cikin ruwa. Kabaid kuwa da ya taɓa ruwa ya daina zama kabaid. In ka auna ruwan, farar ƙasa za ka auna, ainihin haɗarin ya riga ya tashi sama a matsayin iska. Shi ya sa dokar sinadarai ta Tarayyar Turai ta yarda a bar wannan gwaji gaba ɗaya ga duk abin da rabinsa ke wargajewa a ruwa cikin ƙasa da awa 12. Ashe gurbin da aka bari fanko, sau da yawa ma'anarsa abin ya yi saurin sauyawa ne har ba a iya auna shi. Bayanin da ya kamata a karanta yana sashe na 10, inda ake faɗin abin da sinadarin ba ya jituwa da shi, da sashe na 5 na kashe gobara, da sashe na 14 mai ɗauke da lambar Majalisar Ɗinkin Duniya da ajin haɗari.

Mu fara da kabaid, domin shi ne ya fi yawa a gari. Lambarsa 1402, ajinsa 4.3, wato abin da ke fitar da iska mai kama wuta idan ya jiƙe. Alamar ajin a jikin duro shuɗiya ce mai hoton harshen wuta. Kilo ɗaya na kabaid ɗin kasuwa yana ba da lita 280 zuwa 300 ta asitilin, iskar da masu walda ke ƙonawa, duro mai kilo 50 ke nan zai ba da kusan lita 15,000. Asitilin yana fashewa da zarar ya kai kashi 2.5 cikin ɗari na iskar ɗaki, kuma yana ci gaba da zama mai fashewa har sama da kashi 80. Shago mai mita uku tsawo, uku faɗi, uku bisa yana ɗaukar lita 27,000 ta iska, don haka lita 675 ta isa. Wannan bai kai aikin kilo biyu da rabi na kabaid ba, ruwan da ake buƙata kuma bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Yoyon kwano na dare ɗaya ya wadatar. Da safe yaro ya ɗaga ƙofar ƙarfe ta gogi ƙarfe, ko ya danna makunnin fitila, shi ke nan.

Akwai abin da ko tsofaffin masu walda ba su cika lura da shi ba: ruwa kaɗan a kan kabaid mai yawa ya fi ruwa mai yawa a kan kabaid kaɗan haɗari. Kowane kilo yana fitar da zafi kusan kilojul 2,000. A tukunyar walda ruwan da ya yi yawa shi ke shanye zafin. A cikin duro da ɗigo ke shiga babu mai shanyewa, sai dutsen ya yi zafi har ya iya kunna iskar da yake fitarwa. Sauran kurakuran da muke gani su ne buɗe duro da guduma da kurfi, alhali akwai iska tare a ƙarƙashin murfin. Haɗa tukunya da bututun jan ƙarfe, wanda asitilin ke ci ya haifar da wani gari mai fashewa da ɗan bugu. Toshe tukunya don a ƙara mata ƙarfi, alhali asitilin ba ya jure matsin da ya wuce 'bar' ɗaya da rabi a ma'aunin matsi. Da zubar da farin taɓon da ya rage a kwata tun akwai ƙwayoyin da ba su gama aiki ba. Warin tafarnuwa da ake ji ba na asitilin ba ne, na fosfin ne da ke fitowa daga dattin da ke cikin kabaid. Wannan datti, tare da na asenik, shi ne dalilin da ya sa NAFDAC ke ta gargaɗi kan nunar da ayaba da mangwaro da kabaid.

Na biyu, ƙwayar maganin ƙwarin hatsi da 'yan kasuwa ke kira bam, wato alminiyam fosfaid, lamba 1397. A nan ne muka fi jin tsoro, domin ana sayar da ita ɗaiɗai a ƙulle a leda, ana kai ta har ɗakin kwana. Ƙwaya ɗaya gram 3 ce, tana fitar da gram 1 na iskar fosfin idan ta sha laimar iska. A ɗaki mai mita huɗu da uku, bisansa biyu da rabi, wannan gram ɗaya zai kai kusan kashi 24 cikin miliyan. Iyakar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa wa mai aikin awa takwas ita ce kashi 0.3 cikin miliyan, wasu ƙasashe ma sun rage ƙasa da haka. Ƙwaya ɗaya ta ninka iyakar sau 80. Kashi 50 cikin miliyan shi ne matakin da ake ɗauka yana barazana ga rai nan take, ƙwaya uku a ɗaki rufe sun wuce shi. Iskar tana ratsa buhu, tana bin tsagar bango da saman silin zuwa ɗakin maƙwabci, ta ɗan fi iska nauyi, yaran da ke kwance a tabarma su ne a bakinta. Babu makarin wannan guba.

Yanayin Kano ya ƙara wa abin wani sarƙaƙiya. Ana sa ƙwayar ne bayan kaka, lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe ƙamas. Ƙwayar na buƙatar laima kafin ta gama aiki, don haka tokar da ta rage a gindin buhuna, wadda ido ke gani kamar ta mutu, sau da yawa tana da saura. Mai shara ya tattara ta a bokiti, ya yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ko ya tura ta lungu ta jira ruwan farko. Fosfin idan ya taru ya kai kusan kashi 1.8 cikin ɗari yana kama wuta, wani lokaci da kansa. Tara tokar wuri guda a rufe ta, ko ajiye gwangwanin da aka buɗe a inda ruwa zai same shi, duka biyun hanyar gobara ce.

Ɗan'uwansa zink fosfaid, baƙin garin maganin ɓera, shi ne misalin da ya fi nuna illar dogaro da layi guda. Takardarsa za ta ce ba ya narkewa a ruwa, kuma gaskiya ne. Amma da ya gamu da asid, ko na batir ko na cikin ɗan Adam, fosfin ɗin nan dai zai fito. Wanda ya sha shi, amansa ma yana fitar da iskar, don haka a kai shi asibiti da gaggawa a mota mai buɗaɗɗun tagogi, a tafi da kwalin maganin, kada a tsaya ɗura masa madara ko ruwan gishiri.

Na uku ba zai ɗauke mu lokaci ba. Layim da aka gasa ba a jiƙa ba, idan ya sha ruwa yana fitar da zafi kusan kilojul 1,150 a kowane kilo, abin da zai iya kai kusan lita huɗu ta ruwa ga tafasa. Abin da yake komawa bayan ya jiƙe gram 1.7 kacal ke narkewa a lita, takarda za ta kira shi mai narkewa kaɗan, amma wannan kaɗan ɗin yana kai ruwa 12.4 a ma'aunin pH (7 ne tsaka-tsaki, ƙasa da shi asid, sama da shi irin kaifin soda), wanda ya isa ya lalata ido. Ɗan dako da ya ɗauki buhun a kan gumi ya san yadda wuyansa ke saɓulewa.

Sai haidoro da marina na zamani ke haɗawa da soda, lamba 1384, aji 4.2, wato abin da ke iya kama wuta da kansa. Mun kawo shi ne don a ga cewa ƙa'ida ɗaya ba ta isa ba. Ɗan danshi yana sa shi ya yi zafi a cikin duro har ya kama wuta yana fitar da hayaƙin farar wuta mai shaƙe numfashi. Amma shi idan ya kama, maganinsa a malale shi da ruwa mai yawan gaske. Abin da zai ceci shagon haidoro shi ne zai tarwatsa shagon kabaid, kuma sau da yawa bango ɗaya ne tsakaninsu. Ɗan kwana-kwana da ya iso ƙarfe biyun dare, mai shago ba ya nan, ƙofa babu rubutu, da me zai bambance? A watan Agusta na 2015 wani wurin ajiyar sinadarai ya fashe a Tiyanjin ta ƙasar Sin, mutum 173 suka rasu, fiye da rabinsu ma'aikatan kashe gobara ne da suka shiga ba su da cikakken sanin abin da ke jibge a wurin.

Masu narka alminiyam suna ƙera tukwane su ma suna cikin lissafi. Kashin da ake kwashewa a saman narkakken ƙarfen, idan ruwan sama ya dake shi, yana fitar da amoniya da haidirojin, tarin yana yin zafi. Gwangwani mai ɗigon ruwa a ciki idan aka jefa shi a narkakken alminiyam yana watsa shi a fuskar mai aiki. Masu cika balan-balan da tarkacen alminiyam da soda a tukunya kuwa haidirojin suke yi, kusan lita 1,200 daga kowane kilo, a tsakiyar yara.

Yanzu mu koma ga ruwan da ke fita daga masana'antu, inda kuskuren yake da wata fuska. Kamfanonin jima suna cire gashi da sodiyam salfaid da layim, ruwan da ke fitowa pH ɗinsa ya haura 12, a haka salfaid ɗin yana zaune a ruwa. Sashen da ake tsuma fata da gishiri da asid kafin a sa kurom yana fitar da ruwa mai pH 3 ko kusa da haka. Idan kwatar biyu suka haɗu, lissafin ya juye. A pH 9 kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne na salfaid ke komawa iskar haidirojin salfaid, a pH 7 rabi, ƙasa da haka kusan duka. Iska ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iska nauyi, tana kwanciya a rami. Daga kusan kashi 100 cikin miliyan hanci yakan daina jin warinta, mai yasa ya ɗauka ta wuce. Yadda abin ke faruwa a ko'ina a duniya kusan iri ɗaya ne: na farko ya faɗi a rami, na biyu ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Takardar salfaid za ta ce yana narkewa sosai, ba ta san da wace kwata zai haɗu ba.

Kurom ma haka. Nau'in da ake jima da shi, wanda ake kira mai daraja uku, yana kwanciya ƙasa a matsayin taɓo idan pH ya kai 8 zuwa 9, sai a rubuta ba ya narkewa. Amma idan aka ƙone tarkacen fatar da aka jeme da shi a bola, musamman tare da toka ko layim, wani kaso yana komawa mai daraja shida, wanda ke narkewa a kowane irin ruwa, yana ratsa ƙasa, kuma yana cikin sanannun masu jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kurom a ruwan sha a miligram 0.05 a lita. Ruwan Sharaɗa da Challawa Kogin Challawa yake nufa, na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai, kuma a bakin waɗannan rafuka ake noman latas, alayyafo da karas da ake kawowa cikin gari.

Dalma ce ta fi komai fallasa wannan kalma ta ba ya narkewa. Farin taɓon da ke cikin tsohon batir yawancinsa salfet ɗin dalma ne, littafi yana lissafa shi cikin marasa narkewa domin miligram 40 ne kawai ke shiga lita. Iyakar dalma a ruwan sha miligram 0.01 ce. Dalmar da ke cikin abin da ba ya narkewa ta ninka iyaka fiye da sau 2,500. A Zamfara a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen da ake niƙawa a gidaje don neman zinare. Da an jiƙa ƙurar a ruwan gwaji da an ga kaɗan ne ya narke, amma cikin yaro asid ne. Masu fasa batir a unguwanni suna zubar da asid da taɓon wuri guda, asid ɗin na taimaka wa sauran ƙarafa su bi ruwa zuwa rijiyoyi.

Ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

A gyara fom ɗin da jami'an duba-gari da masu rubuta rahoton tantance haɗari ke cikawa. Maimakon tambaya ɗaya, a yi uku: me abin yake komawa idan ya jiƙe, wace iska yake fitarwa kuma lita nawa a kilo a awa, sannan me ke faruwa idan ruwan mai tsami ne. Duk inda takarda ta bar gurbin narkewa fanko, a ɗauke shi a matsayin mai haɗari har sai an tabbatar da akasin haka. Ma'aunan suna nan, ba sai an ƙirƙiro ba. Gwajin N.5 na Majalisar Ɗinkin Duniya yana farawa da ɗan ƙwaya mai faɗin milimita 2 a ruwa, in bai kama wuta ba a kai ga gram 25 a kwalba, a riƙa auna iskar kowace awa har awa bakwai, in tana ƙaruwa a ci gaba har kwana biyar. Abin da ya wuce lita 1 a kilo a awa ya shiga aji 4.3, lita 20 a awa mataki na biyu, lita 10 a minti guda ko kama wuta da kansa mataki mafi tsanani. Ga ƙarafan da ke narkewa sannu a hankali akwai ƙa'idar OECD mai lamba 29: miligram 1, 10 da 100 a lita, a pH daga 6 zuwa 8.5, na kwana 7 da kwana 28, a auna ƙarfen da ya saki jiki ya shiga ruwa. A tuna kuma yawancin alƙaluman takarda a digiri 20 aka samo su da tataccen ruwa. Sito mai rufin kwano a Kano a watan Afrilu ya haura digiri 40, kuma zafi hanzarta waɗannan abubuwa yake yi. Jami'ar Bayero, jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da kwalejin fasaha ta jiha suna da ma'aikatan da za su iya wannan aiki idan aka ba su kayan gwaji.

A yi rajistar duk shago da sito da ke ajiye kayan aji 4.2 da 4.3 kafin watan Yuni: sunan kaya, lambarsa, kilo nawa, layi da lambar shago. A miƙa kwafi ga Hukumar Kashe Gobara da hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA) da shugabannin kasuwa, a kuma liƙa alamar ajin a jikin ƙofa ta waje inda fitilar mota za ta haska ta. Wannan ba ya buƙatar kwangila, yana buƙatar takarda da haɗin kan shugabannin Sabon Gari, Singa, Ƙofar Ruwa da Dawanau. Muna ba da shawara kada a haɗa rajistar da karɓar haraji, domin ranar da aka haɗa, kayan za su koma cikin gidaje, nan kuma ya fi muni.

A sa ƙa'idar ajiya mai sauƙin dubawa. Duro ya hau katako ko dakali, sama da inda ruwan bara ya tsaya a jikin bango. Kada a ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. A sami tagar iska sama da ƙasa, makunnin lantarki ya koma waje. Asid, ruwan batir da hodar kulorin su kasance a wani ɗaki daban, ba wani lungu na ɗaki ɗaya ba. A shago a bar abin da za a sayar a 'yan kwanaki, sauran a sito nesa da gidajen kwana. A ajiye busasshen yashi a duro mai murfi da shebur a bakin ƙofa. Yashin da aka bari a bokiti a waje ya sha ruwa ya zama abokin gaba. Duron da ya kumbura ko ya yi ɗumi kada a buɗe shi, kada a mirgina shi, a janye mutane aƙalla mita 25 ta inda iska ke tasowa, a kira hukuma.

A hana sayar da ƙwayar bam ɗaiɗai. Tare da NAFDAC, a mayar da ita hannun masu feshi da aka horar, waɗanda za su rufe kaya da tamfol a sito, su ƙirga ƙwayoyin da suka sa a kan faranti, su kwashe tokar da kansu su kashe ta a fili. Ga magidanci mai buhu biyu na wake, buhun nan mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, a tallata shi. Duk sinadarin da aka sake ƙullawa a leda ya fita da suna da gargaɗi da Hausa, boko da ajami. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka sayar da wani sinadari da sunan ɗantsami, ɗaruruwa suka kwanta a asibiti.

A ba 'yan kwana-kwana na'urar auna fosfin, haidirojin salfaid da iska mai kama wuta, da tukunyar numfashi ta goyo, da hodar kashe gobarar ƙarfe. Takunkumin hanci na ƙyalle ba ya tare ko ɗaya daga cikin waɗannan iskoki.

Tare da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a wajabta wa kamfanonin jima raba kwatar salfaid da ta kurom. Salfaid a riƙe shi sama da pH 10, a hura masa iska tare da ɗan manganis salfet har ya mutu. Kurom a kwantar da shi da magnesiya, a sake narkar da taɓon da asid a mayar aiki. Kamfani ma riba zai ci. Jami'in da zai ɗebi ruwa ya je ba tare da sanarwa ba, har da dare, ya auna pH a wurin, ya tace wani kaso da matata mai maikuron 0.45 don a raba narkakke da wanda ke yawo, ya sa zink asitet a kwalbar salfaid kada ya tsere a hanya, a kuma auna kurom mai daraja shida daban. Kada kowa ya shiga ramin kwatar masana'anta sai an auna iskar, an ɗaura masa igiya, da mutum biyu a sama.

Na ƙarshe ya shafi Ma'aikatar Ilimi. A tsofaffin makarantun sakandare akwai kwalaben sodiyam da fotasiyam da aka saya shekaru da dama, kananzir ɗin da ya kamata ya rufe su ya ƙafe, rubutun jikinsu ya goge. Fotasiyam da ya yi ɓawo rawaya yana iya fashewa idan aka sa masa wuƙa. Muna roƙon a sa lokaci a bi makarantun a tattara su ta hannun ƙwararru, a kuma aika wa shugabannin makarantu takarda cewa kafin a zo kada a wanke, kada a zuba a masai, kada a ba masinja ya jefar a bola. Muna shirye mu ba da mutanen da za su yi zagayen, mu kuma zauna da jami'anka a kan gyaran fom ɗin a duk ranar da ofishinka ya sa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da abin da ke cikinta.

Wassalam,
Wasu malaman kimiyyar sinadarai da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje, Kano

Kwafi zuwa ga Daraktan Hukumar Kashe Gobara ta Jiha, Kwamishinan Ilimi, ofisoshin NAFDAC da NESREA na Kano, da shugabannin kasuwanni.